ZAUREN HIRA: Kafin Mu Sayo Dokin Sallah

  

A wannan watan mun so mu taɓo maganar kuɗin hayar gidaje ne, sai wata magana ta sha gabanta. Kwana uku bayan Sallah wasu samarinmu na Treichville suka same mu a rumfa a Adjamé, ɗaya daga cikinsu riƙe da waya, yana nuna mana hoton wani hawan Daushe da aka yi a Kano. Ga dawaki an ci ado, ga 'yan lifidi, ga algaita na tashi. Suka ce sun ji cewa a watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Kano cikin jerin al'adun da duniya ke alfahari da su, don haka me zai hana mu ma a nan Abijan a tara kuɗi a sayo dawaki huɗu ko biyar daga arewa, baɗi warhaka shugabanninmu su dawo daga Idi a bisa, yaran da aka haifa a nan su ga abin da iyayensu suka baro? Abin da ya sa suka zo wurinmu kuwa, sun ji labarin mun taɓa ajiye doki a garin nan.

Mun yaba da niyyarsu, domin kuwa yaron da ke kishin al'adar gidansu ba abin gwalewa ba ne. Amma muka ce su yi mana haƙuri mu ba su amsa a wannan fili, tun da maganar ta shafi kuɗin jama'a, ta kuma shafi ran dabba. Ga abin da ya same mu nan, ba ƙari ba ragi.

YADDA BIKILI YA ZO

Mun taso mun tarar da doki a turke a ƙofar gidan kakanmu, can ƙasar Maraɗi, kuma tun daga lokacin sha'awar ba ta bar mu ba. Shekarun baya, da kasuwa ta ɗan yi daɗi, sai muka yi wa wani dillalin shanu magana, shi kuma ya haɗo mana da wani ingarma cikin motar dabbobi. Ja ne mai baƙin geza da baƙar wutsiya, saboda haka ba mu wahalar da kanmu wajen neman suna ba, muka ce masa Bikili. Ranar da aka sauke shi ba mu yi barci ba don murna.

Gari na wayewa murna ta fara raguwa. A tsakar gidan haya na Adjamé, inda ɗaki goma ke rabon famfo ɗaya, ina za a kafa turke? Dole muka kama wani ɗan fili kusa da kasuwar shanu ta Port-Bouët ta wancan lokacin, muka yi masa rumfa. Muka kuma ɗauki wani dattijo, mutumin Gobir, wanda ya yi ƙuruciyarsa a barga, don ya riƙa kula da shi. Baba muke ce masa.

Nan muka gane cewa kuɗin sayen doki shi ne mafi sauƙi a cikin sha'aninsa. Doki mai nauyin kilo 300 yana bukatar kamar kilo 6 na busasshen abinci a kullum, ya kuma sha ruwa lita 30 zuwa 40, in ana zafi har ya fi haka. A gida harawa da dusa da gero da kanwa duk suna bayan ɗaki. A nan kuwa sai an jira motocin arewa, in an samu an saya da tsada, sai damshin garin nan ya sa harawar ta yi fumfuna kafin wata ya zagayo. Doki kuwa ba ya iya amai. Abin da ya shiga cikinsa ya shiga, in ya ɓata masa ciki sai ka gan shi yana birgima yana duban kwiɓinsa, in ba a yi sauri ba a rasa shi. Ruwan da ake yi a Abijan a shekara ya ninka na Maraɗi sau uku ko fiye, don haka daga watan Mayu zuwa Yuli aikin Baba shi ne neman busasshen wuri, kada ƙasan kofato ya ruɓe.

Babban abokin gaba kuwa shi ne ƙudan tsando, mai kawo sammore. Kada wani ya ce ai wannan ƙudan daji ne. Masu bincike sun sha kama shi a cikin Abijan, a dajin Banco da kewayen gidan namun daji, wato a bayan gidanmu mu mutanen Adjamé. Doki kuma ba ya jure cutar kamar yadda gajerun shanun kurmi ke jurewa. Zazzaɓi ne zai fara, sai rama, sai kumburin ƙafafu da mara. Bikili bai cika wata takwas ba sai da aka yi masa allurar farko.

Wannan ba sabon abu ba ne. Kakanninmu fatake da suka yi ɗaruruwan shekaru suna zuwa Gwanja neman goro sun san iyakar doki. Suna kawo shi Salaga da Bondoukou da Kong su sayar, amma sun san in ya nutsa kurmi kwanansa ya ƙare. Bature Binger ma, wanda aka sa wa Bingerville sunansa, a kan takarkari ya shiga Kong a watan Fabrairu na 1888, ya kuma tarar da Hausawa marina da unguwarsu a garin. Treich-Laplène, mai sunan da Treichville ta gada, can Kong ya je ya tarye shi a farkon 1889, suka gangaro tare ta kogin Comoé har Grand-Bassam. Ashe ke nan mu da muka kawo doki har bakin teku mun yi abin da madugan da suka fi mu sanin doki ba su yarda sun yi ba.

RANAR DA MUKA HAU DOKIN ZUCIYA

Duk da haka Bikili ya murmure, ya yi kyau, gashinsa har sheƙi yake yi. Ranar Lahadi kawai muke samun sukunin zuwa mu yi kilisa ta awa guda a bakin ruwa. Wata rana ana hira a rumfa sai wani abokinmu ya ce ai dokin da ya sha iskar teku ya zama na hoto, ba zai iya zuwa Bassam ya dawo a yini ɗaya ba. Maimakon mu yi dariya mu kyale shi, sai muka ce a sa rana.

Daga inda turken yake zuwa Grand-Bassam ta bakin teku kusan kilomita 30 ne, zuwa da dawowa 60. Da muka gaya wa Baba sai ya yi shiru, can ya ce, "Alhaji, dokin da ke fita sau ɗaya a mako ba a kai shi wannan tafiya. Ka ba ni wata huɗu." Muka ce, "Haba Baba, dokin arewa ne fa. A gida ba a yin abin da ya fi haka?" Ya ce, "A gida iska busasshiya ce, Alhaji." Ba mu saurare shi ba.

Kuskure na farko, maimakon mu tashi da asuba sai muka tsaya jiran abokai masu ɗaukar hoto, ba mu kama hanya ba sai wajen ƙarfe takwas. Na biyu, muka ɗaura masa sirdin ado mai nauyi da jalala da linzamin nan namu mai kaifi, wanda aka yi don zamiya a gaban sarki, ba don doguwar tafiya ba. Na uku, da muka zo daidai Gonzagueville muka ga mutane sun taru suna kallo, yara suna ihu, sai muka sakar masa linzami muka yi sukuwa mai nisa, a cikin busasshen yashi mai zurfi kuwa, inda kowace ƙafa sai ta nutse kafin ta fito.

Baba yana biye da mu ta kan titi cikin motar haya da jarkokin ruwa. Inda muka yi da shi za mu haɗu na farko muka wuce ba mu tsaya ba, wai muna sauri. Sauri kuwa ya haifi nawa. Mun ci kamar kashi biyu cikin uku na hanyar zuwa, sai muka ji tafiyar Bikili ta sauya. Ya fara tuntuɓe, numfashinsa ya koma gajere-gajere, cinyoyinsa na rawa. Muka sa ƙaimi, ya ɗan taka, ya tsaya cak. Da muka sauka muka taɓa wuyansa sai muka ji shi zau kamar tukunya.

Baba ya iso da gudu ta cikin itatuwan kwakwa. Bai ce mana kome ba. Ya kwance majanyi ya jefar da sirdin, ya zare linzami, ya ja shi inuwa, ya shiga kwara masa ruwa a wuya da ƙirji da tsakanin cinyoyi. Ya miƙa masa bokiti, doki ya kau da kai. Nan ne muka ga hankalin Baba ya tashi, domin dokin da ya gaji har ya ƙi ruwa ya kusa hallaka. Sai a lokacin ya dube mu ya ce, "Alhaji, kai kana da bakin da za ka ce ka gaji. Shi fa?" Wallahi har yau maganar nan tana mana zafi.

Allah Ya taimake mu muka samu wani likitan dabbobi ta waya, ya zo. Ya sa abin sauraro a bayan gwiwar hagu ta gaba, ya ce bayan duk wannan hutun zuciyarsa tana bugawa fiye da sau 80 a minti, alhali lafiyayyen doki in yana hutawa tsakanin 28 ne da 44. Ya ja fatar wuyansa ya saki, fata ta tsaya ba ta koma ba. A nan gindin kwakwa aka rataya ledojin ƙarin ruwa, har la'asar. A mota aka mayar da Bikili gida, mu kuma muka koma da sirdi a ka, ga kuɗin magani da ya kusa rabin abin da muka saye shi. Jijiyar ƙafarsa ta gaba ta kumbura, sai da ya yi wata uku ba a hau shi ba.

TSEREN DA LIKITA KE YANKE HUKUNCI

Likitan nan ne ya bayyana mana abin da Baba ya faɗa a taƙaice. Doki da gumi yake sanyaya jikinsa, in yana aiki mai tsanani yana iya zubar da lita 10 zuwa 15 a awa guda. A Maraɗi ko Katsina gumin na fita iska na busar da shi, jiki ya yi sanyi. A nan kuwa iskar kanta jiƙe take, sai ruwan jiki ya ƙare zafin bai fita ba. Shi ne kuma ya ba mu labarin cewa doguwar tafiya a kan doki wasa ne mai zaman kansa a duniya, da dokokinsa. Daga baya muka bi diddigi.

Su ma Turawa da ɓarna suka fara. A 1892 hafsoshin sojan Jamus da na Ostiriya suka yi tsere tsakanin Berlin da Vienna, tafiyar da ta haura kilomita 500. Wanda ya zo na ɗaya ya yi ta cikin kwana uku, amma dokinsa bai rayu ba, haka nan wasu dawaki fiye da ashirin suka mutu. A 1955 wani Ba'amurke mai suna Wendell Robie ya hau daga wajen tabkin Tahoe zuwa garin Auburn a jihar Kalifoniya, mil 100, wato kilomita 160, ta kan duwatsu, cikin yini da dare ɗaya. Daga nan aka samu gasar da ake kira Tevis Cup. A yawancin shekaru kusan rabin waɗanda suka tashi ne kawai ke kaiwa ƙarshe. Tun 1964 kuma akwai kofi na musamman da ake bai wa dokin da ya fi sauran ƙoshin lafiya daga cikin goman farko. A Faransa ana yin irin wannan a Florac tun 1975. A 1982 hukumar wasannin dawaki ta duniya, FEI, ta karɓi wasan, aka yi gasar duniya ta farko a Italiya a 1986.

Abin da ya fi ba mu sha'awa shi ne tsarinsa. Ana raba hanya zango-zango. A kowane zango sai an sauka an kai doki gaban likita. In bugun zuciyarsa bai sauko zuwa 64 a minti ba cikin ɗan lokacin da aka ƙayyade, an fitar da kai. Za a duba dasashinsa, a saurari cikinsa, a sa ka ja shi ya yi sassarfa a ga ko yana ɗingishi. Har bayan an tsallake layin ƙarshe sai an sake dubawa. Kana iya riga kowa isowa, in dokinka ya faɗi a gaban likita, ka tashi a tutar babu. Kuma ba a ɗaga wa kowa ƙafa don dukiyarsa: a 2015 hukumar ta dakatar da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa na wasu watanni saboda yadda ake wahalar da dawaki a wasu tseren da ake yi a can.

Da muka karanta wannan sai muka ce, ashe dokar madugu ce aka sa wa rigar likita. Ayarin da ke tashi daga Kano zuwa Gwanja watanni yake yi a hanya. Ga madugu, ga jagaba a gaba, ga uban dawaki. Da sanyin asuba ake tashi, kafin rana ta take an sauka, an sauke kaya, an kai dabbobi ruwa da kiwo. Ba wanda ke yabon madugu don ya yi sauri. Ana yabonsa ne in ya kai mutane da dabbobi lafiya ya dawo da su lafiya. Kalmar zango da ake kiran unguwanninmu da ita daga Kumasi har Lome, asalinta wurin da ake sauka a huta ne. Mu jikokin masu sanin inda ake tsayawa ne, sai ga shi mun manta.

Bayan Bikili ya warke muka bai wa Baba wata huɗunsa, har da ƙari. Sau uku a mako ake fita da shi, tafiya da sassarfa, a kan jiƙaƙƙen yashi mai tauri na gefen ruwa, ana ƙara nisa kaɗan-kaɗan. Muka koyi sa yatsa a ƙarƙashin muƙamuƙinsa mu ƙirga bugu na daƙiƙa 15 mu ninka sau huɗu. A cikin watan Agusta, lokacin da garin nan ya fi sanyi, muka tashi bayan sallar asuba da ƙaramin sirdi da ragama. Duk bayan kamar kilomita 10 mu sauka, ya sha ruwa, ya ɗan ci harawa, mu ja shi da ƙafa. Muka ratsa Azuretti muka shiga Bassam da hantsi, Bikili na haniniya yana neman abinci. Can muka kwana, kashegari muka dawo. Ba mai hoto, ba mai tafi, abokin gardamarmu ma ya ce ai ba a yini ɗaya ba ne. Muka ce ya yi gaskiya. Amma ba mu taɓa jin daɗin hawa kamar na wannan rana ba.

Shekara huɗu Bikili ya yi a hannunmu. Da sammore ya sake kama shi, ya zo daidai da lokacin da Baba ya ce tsufa ya zo zai koma gida, sai muka ce ya tafi da shi. Ranar da aka ɗora shi a mota mun yi hawaye, ba ma jin kunyar faɗa.

AMSARMU GA SAMARI

To, 'yan samari, ba mu ce kada a yi hawa ba. Abin da muke cewa shi ne ba a fafe gora ranar tafiya. Hawan Sallah awa biyu ne, amma doki kwana 365 yake ci a shekara. Kafin a aika kuɗi arewa, a zauna a amsa waɗannan tambayoyi. Ina za a kafa turke, wurin da ruwa ba ya kwanciya kuma nesa da kurmi? Wane ne zai kwana da dawakin, nawa ne albashinsa? An ware kuɗin abinci da na magani na shekara guda cur, ko kuwa sai an bi gida-gida da ƙoƙon bara bayan Sallah ta wuce? Wane likita ne zai riƙa duba su? In ɗaya ya kwanta ciwo da tsakar dare, ƙofar wa za a buga? Dokin jama'a, in ba a yi hankali ba, da yunwa yake kwana, domin kowa na zaton wani ya ba shi.

Shawararmu ita ce a shekarar farko a yi hayar dawaki daga masu ajiye su a garin nan, a nemi izinin hukuma a kan hanyar da za a bi, a yi hawan da safe, a kuma hana sukuwa a kan kwalta, domin doki na zamewa ya karye, ya kuma karya na bisa. In an ga jama'a sun riƙe abin da gaske, sai a sayi guda ɗaya, a damƙa shi ga mutum ɗaya da za a riƙa tambaya. Yaran da za a koya wa hawa kuma a fara koya musu share barga da wanke kofato da ƙirga bugun zuciya kafin su sa ƙafa a likkafa. Wanda bai iya wannan ba bai isa hawa ba tukuna, ko ɗan wane ne. Dabba amana ce, kuma za a tambaye mu.

Sirdinmu da jalala suna nan a ajiye, in ranar ta zo za mu ba da aro. Linzamin ne dai ba za mu bayar ba.

Dattawanmu da suka yi zaman barga a gida, muna roƙon ku aiko mana da abin da kuka sani, musamman a kan kiwon doki a ƙasa mai damshi, za mu buga a wannan fili. Maganar kuɗin haya kuma tana nan tafe a fitowa ta gaba, in Allah Ya kai mu.

Haza wassalam. Mu kwana nan.